Asabar ɗin da muka shiga fadar matsafin da ya ƙi mutuwa

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Na zauna da biro da takarda ina lissafin yadda zan hana mutum huɗu kashe mini dodo kafin ya buɗe baki. Yau ce ranar da 'yan wasanmu na Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake yi da labari da jifan 'ya'yan lido, za su shiga fadar babban maƙiyinsu, ni kuwa ni ne jagoran wasa: ni ke ba da labari, ni ke riƙe da dodanni, ni ne alƙali in gardama ta tashi. Dokokin bugun 2014 muke bi, kuma jaruman nan huɗu duk sun kai mataki na 17 cikin 20 da wasan yake da su.

Maƙiyin nasu lich ne, wato matsafin da ya ɓoye kurwarsa a cikin wata batta don kada ya mutu. A takarda abin tsoro ne. Lambar haɗarinsa 21, in kuma a cikin fadarsa aka same shi ta koma 22. Yadda littafi ya tsara, faɗan da zai iya kashe ɗan mataki na 17 yana farawa ne daga maki 8,800 kan kowane mutum, na mutum huɗu ke nan 35,200. Matsafin nan a gidansa makinsa 41,000. Ka ga in da lissafin littafi gaskiya ne, da sai in fara shirya musu ta'aziyya.

Amma jininsa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, 135 ne kacal, makin kariyarsa, wato lambar da mai sara zai kai kafin ya same shi, 17. Ƙanena da ke riƙe da mayaƙi yana sara uku a kowane zagaye, in ya yi yunƙurin nan na musamman su zama shida. Da takobinsa na sihiri da dabarar nan ta rage saiti don ƙara ƙarfin sara, kowane ɗaya da ya samu yana cire kusan 25. Huɗu suka shiga an cire ɗari, bardensu ya ƙarasa sauran. Bokansu kuma yana da ruwan duwatsun wuta, sihirin mataki na tara (shi sihiri nasa matakan daban ne, tara ne ƙololuwa), wanda ake jefa masa 'ya'yan lido 40, matsakaicin abin da yake cirewa 140. Ya fi jinin matsafin gaba ɗaya, kuma daga nisan mil guda ake iya sako shi.

Da hantsi na kira wani abokina da shi ma yake jagorantar nasa teburin a wani gari. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "Malam, ninka masa jini kawai, wa zai sani?" Na ce masa ni zan sani. Ban da haka ma, ninka jini ba ya sa faɗa ya yi daɗi, tsawo kawai yake ƙara masa. A wannan matakin kowane ɗan wasa yana da shafi uku ko huɗu na abubuwan da zai iya yi, zagaye ɗaya sai ya ci abin da ya fi minti ashirin. In ka ba dodo jini 400 alhali ba shi da wata sabuwar dabara, kun zauna ke nan kuna saran kututture har shayi ya huce. Ya ce ai su ma masu wasan da suka sabunta littafin dodanni a 2025 abin da suka yi ke nan, sun ƙara wa wannan matsafin jini fiye da ninki biyu. Gaskiyarsa, sun yi. Sai dai ni abin da ke damuna daban ne. Su huɗu ne, shi ɗaya. Kafin ya motsa sau ɗaya sun motsa sau huɗu, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Motsi ukun nan na alfarma da doka ta ba manyan dodanni a tsakanin na 'yan wasa, da damar ƙin faɗuwa sau uku a rana ko da sun faɗi jifan tsira, wato jifan lidon da ake yi don kauce wa sihiri ko makamancinsa, duk don toshe wannan giɓin aka yi su, amma ba su isa ba in jarumai sun shigo da ƙarfinsu cikakke.

Wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa a littafin jagora. An gina lissafin ne a kan cewa jarumai za su yi faɗa shida zuwa takwas a yini, da gajeren hutu kamar sau biyu, kafin su yi dogon barcin da ke mayar musu da komai. Wa yake da lokacin faɗa takwas a zama ɗaya? Galibi faɗa ɗaya ake yi ko biyu, sai boka ya zazzage duk abin da ke aljihunsa a kan dodo guda, sannan ya buɗe ƙofar gidansa na sihiri kowa ya shiga ya kwanta.

Don haka ban taɓa ko lamba ɗaya a jikin matsafin ba. Abin da ke kewaye da shi na gyara. Na sa yana tsakiyar wani tsafi da zai kammala da fitowar alfijir, saboda haka babu zancen barcin awa takwas, ko hutun awa ɗaya ma sai sun yi tunani. Na ajiye mutum-mutumin ƙarfe a bakin ƙofa, mai jini 210. Na ɗaure fursunoni a ginshiƙan zauren, mutanen garin da suka yi alkawarin ceto, yadda duk wanda ya sako ruwan duwatsu da su zai haɗa. Na kuma tsayar da matattun dakaru biyu a gaban karagarsa.

Wajen ƙarfe ɗaya suka hallara. Hunturun Ingila ba ya jira, azahar da la'asar da magariba kusan a jere suke zuwa, don haka maƙwabcinmu Bature da matarsa sun saba, in mu uku mun tashi salla su sai su ɗora ruwan shayi. Shi ne barden, ita ce mai warkarwa. Bokan kuwa abokina ne ɗan Zariya da ke karatun digiri na uku, mutumin da ya haddace jerin sihirin wasan nan fiye da yadda ya haddace lambar wayarsa.

Faɗan bakin ƙofa bai daɗe ba. Mutum-mutumin ya fesa musu guba, ya yi wa mai warkarwa mugun rauni, ƙanena ya ƙona yunƙurinsa ɗaya cikin biyu, sai bokan ya gaji ya jefa shi cikin kejin ƙarfi. Wannan sihirin na mataki na bakwai yana cikin abubuwan da ke sa jagoran wasa ciwon kai: a dokar 2014 babu jifan tsira, ba ya buƙatar boka ya riƙe shi a zuciya, awa guda cur dodo na ciki. Wasu jagororin haramta shi suke yi a teburinsu. Ni ban yarda da haka ba. Mutum ya yi ta lallaɓa boka mai jinin sauro tun daga mataki na ɗaya, ranar da ya isa cin moriya kuma ka ce an hana? Na bar shi ya yi abinsa. A raina kuwa murna nake, don gurbi ɗaya tak, wato damar yin sihiri sau ɗaya kafin dogon barci, yake da shi a mataki na bakwai, ga shi ya kashe shi a kan mai gadi.

Muna shan shayi Baturen ya shiga ba mu labarin da. Shi tun bugun 1989 yake wasan, lokacin yana hannun kamfanin TSR, kafin Wizards of the Coast su saye shi a 1997. Ya ce a wancan zamanin in mayaƙi ya kai mataki na tara an daina jefa masa ɗan lido don ƙarin jini, maki uku kawai ake ƙara masa a kowane mataki, sai kuma ya gina ganuwa ya tara dakaru. Wato wasan da kansa yake sauya fuska, daga shiga kogo a koma mulkin ƙasa, da haraji da maƙwabta da 'yan tawaye. Yanzu kuwa har mataki na 20 ana so a ci gaba da shiga kogo, alhali mutanen sun kai inda za su tsallaka duniya da kalma ɗaya. Ƙanena ya ce shi ya sa ma wasan kwamfutar nan Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023 ya tsaya a mataki na 12, daidai kafin sihirin mataki na bakwai ya shigo. Na ga alamar da bokan yake, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

Bayan magariba suka shiga zauren. Ina jefa 'ya'yan lidona a fili, gaban kowa, ba na ɓoyewa a bayan allo, don in abu ya faru kada a ce da hannuna. Matsafin ya samu lamba ƙarama a jerin motsi, shi ne kusan na ƙarshe. Zagayen farko ya tafi a kan dakarun nan biyu. Bokan ya dubi fursunonin, ya dubi takardarsa, ya yi tsaki.

A zagaye na biyu abin ya yi daɗi. Jinin bokan 104 ne cif, mai warkarwa ta cika masa shi a hanya. Matsafin yana da kalmar kisa, sihirin mataki na tara da ba shi da jifan tsira: duk wanda jininsa bai wuce 100 ba, faɗuwa zai yi matacce. Maki huɗu ne tsakanin mutumina da kabari, kuma ya sani. Bayan motsin barde sai na yi amfani da motsin alfarma ɗaya na harbe shi da ɗan ƙaramin sihirin sanyi, irin wanda ko gurbi ba ya ci. Ya samu, ya cire 19. Teburin ya yi tsit. Da layi ya zo kan matsafin na ce, "Ya juyo ya dube ka, ya buɗe baki."

Nan take ya ce zai warware sihirin. Na tambaye shi da wane gurbi. Ya daɗe yana juya biro. In ya sa gurbinsa na tara, warwarewar ta tabbata, kuma in matsafin ya so tare ta sai ya yi jifa ya samu 19. Amma gurbin nan shi ne dukiyarsa, tun safe yake tattalinsa. Ya ce na uku. Na ce to, matsafin ma ya iya wannan, ya warware taka warwarewar, na uku da na uku babu ko jifa. Bokan ya faɗi da sihirinsa mafi girma a aljihu.

Ƙanena ya miƙe tsaye. "Haba Yaya, wannan ai zalunci ne!" Kafin in ba shi amsa shi mamacin da kansa ya ce ya zauna ya duba da kyau. Kowane mahaluki martani ɗaya yake da shi a zagaye, kuma ba ya dawowa sai layi ya sake zuwa kansa. Matsafin ya kashe nasa a kan warwarewa, ke nan ba shi da garkuwar sihirin da ke ɗaga kariyarsa daga 17 zuwa 22. Na san da haka lokacin da na zaɓa, kuma irin cinikin da nake so faɗa ya ƙunsa ke nan: ya kashe wanda ya fi tsoro, ya bar ƙirjinsa a buɗe.

Mai warkarwa ta ruga ta fasa lu'ulu'un da darajarsa ta kai zinariya 300 ta tashe shi da jini ɗaya tak, tun minti guda bai cika ba. Sai dai gudun nan ya fitar da ita daga da'irar barde, ƙafa goman nan da ke ƙara wa duk na kusa da shi maki biyar a jifan tsira. Da sabon zagaye ya fara, fadar da kanta ta yi nata motsin: igiyar baƙin sihiri ta ɗaure ta da matsafin, duk saran da aka yi masa in ta kasa samun 18 rabi a jikinta zai sauka. Ƙanena na tsaye a gaban karaga da sara shida a hannu, ya rasa yadda zai yi. Matar ta ce masa ya sara, kada ya dube ta. Ya sara. Huɗu suka shiga, ta faɗi jifa uku, ta zube. Matsafin ya rage da ɗan abin da ya isa ya ƙara zagaye ɗaya, ya shanye wa ƙanena jiki da taɓawa guda, kafin barden ya iso ya raba shi biyu.

Zagaye huɗu aka yi. Da na bar shi shi kaɗai a zaure ko ɗaya ba zai cika ba.

Muna cin shinkafa da miyar da ƙanena ya dafa (gishiri ya ɗan yi yawa, ba wanda ya tanka) aka koma gardama a kan ko ya dace dodo ya san jinin ɗan wasa. Baturen yana ganin na yi amfani da abin da ni na sani, wanda matsafin bai sani ba. Na ce masa makin basirar wannan halitta 20 ne, ya shekara ɗaruruwa yana kashe bokaye, kuma tun watanni yake leƙen su ta madubin tsafi, su ma sun sani don sun taɓa kama idon nasa. In da kura ce ko wani ƙaton dodo marar tunani, wanda ya fi kusa zan sa ya kai wa hari. Bai gamsu sosai ba, matarsa kuwa ta goyi bayana, duk da ita ta fi kowa shan wuya.

Ba su sami battar kurwar ba. Doka ta ce matuƙar tana nan, matsafin zai sami sabon jiki cikin kwana ɗaya zuwa goma, gwargwadon abin da ɗan lido mai fuska goma ya nuna. Wannan kam a ɓoye na jefa bayan sun tafi, na rubuta a bayan takarda. Bokan ya riga ya turo mini saƙo cewa in sun huta zai yi amfani da sihirin buri ya nemi a nuna masa inda battar take, yana tambaya ko doka ta yarda. Ta yarda, sai dai duk burin da ya wuce kwaikwayon wani sihiri yana da kashi 33 cikin ɗari na raba mutum da wannan sihirin har abada. Na tura masa lambar shafin, na ce ya karanta da kyau kafin Asabar mai zuwa.