Rabin mitar Injiniya

Da hantsi Injiniya ya leƙo ya ga taswirar tudu da kwarin da na fitar daga hotuna guda biyu na tauraron ɗan'adam mai suna Pléiades, ya ce tun da kowane ɗigon hoton rabin mita ne a ƙasa, ai tsayin ma ba zai kuskure fiye da haka ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kyan hoto daban, daidaiton tsayi daban." Ya yi murmushi ya wuce, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Abin da ban samu na warware masa ba shi ne, hoto ɗaya ba ya ba da tsayi. Ana ciro tsayin ne daga gocewar da abu ɗaya ke yi tsakanin hotuna biyu da tauraron ya ɗauka ta kusurwa daban-daban, yana tafe a nisan kusan kilomita 700. Idan tazarar wuraren ɗaukar ta kai 0.6 na wannan nisa, kuskuren rabin ɗigo wajen haɗa hotunan zai zama kusan santimita 40 a tsayi, idan kuwa ta ragu zuwa 0.2, kuskuren zai haura mita ɗaya. Kuma ɗigon na asali santimita 70 ne, sarrafa shi ake yi ya koma 50.

Da yamma na gwada taswirar da wuraren da muka auna a ƙasa da GPS, na tarar gaba ɗayanta ta ɗaga da mita uku. Wannan bai dame ni ba, har ma na ji daɗi, domin kuskuren da ya tafi bai ɗaya daga lissafin matsayin tauraron da inda ya fuskanta yake fitowa, kuma wuraren awo kaɗan sun isa a saukar da shi.

Bayan gyaran ne raina ya ɓaci. A kan duwatsu taswirar ta zauna daram, amma a inuwar hayi da kan rairayi, inda manhajar haɗa hotunan ba ta da wata alamar kamawa, sai ga ramuka da tsirarrun tuddan da babu su a ƙasa. A cikin kurmi kuma kan itatuwa ta auna, ta kira shi ƙasa.

Gobe Injiniya yana son adadi ɗaya tak a shafin farko na rahoton. Na rubuta uku, na duwatsu da na rairayi da na kurmi, na san kuma biyu zai ce in goge.