Yadda P/E 3 ya ja ni na sayi hannun jari ban karanta rahoto ba

Ni dai hatsi nake sayarwa a Tudun Hatsi nan Gombe, harkar hannun jari kuma ta waya na fara ta bayan na buɗe asusun CSCS, wato inda ake ajiye wa mutum hannun jarin da ya saya, wajen wani dillali. Abu na farko da na koya shi ne P/E, wato ka ɗauki farashin hannun jari ɗaya ka raba da ribar da ta faɗo wa hannun jari ɗaya a shekara. Kamar ka sayi Keke Napep miliyan 3 yana kawo maka miliyan 1 a shekara ne, P/E ɗinsa 3 kenan, shekara uku uwar kuɗi ta dawo.

To sai na ga wani kamfani a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, ana sayar da hannun jarinsa naira 12, ribar kowane hannu naira 4, P/E ɗinsa 3 kenan. Wallahi ko sallama ban yi da kowa ba na zuba kuɗin buhun wake goma sha biyar, a raina na tsinci dami a kala tunda wasu kamfanonin nasu ya haura 15.

Da rahoton shekarar gaba ya fito ribar ta koma naira 1. Farashi bai ma motsa ba tukuna amma P/E ya zama 12, daga baya kuma farashin ya gangaro naira 8. Abin ya dame ni sosai don kuɗin gumi ne, na ɗauki wayar na tafi Jekadafari wajen yayana da yake aikin akanta. Ya sa tabarau ya buɗe rahoton yana ja da yatsa har ya tsaya a wani layi can ƙasa, ya ce "ƙanena ka ga nan? Fili suka sayar, kashi uku cikin huɗu na ribar daga nan ta fito, shi kuwa fili sau ɗaya ake sayar da shi." Na ce Yaya ai kamar mai keken da aka yi shatarsa satin biki ne ya lissafa haka zai riƙa samu kullum, ya ce ka gane.

Shi ya tuna min 2023, da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yuni darajarta ta faɗi, bankuna masu dala a ajiye suka nuna riba mai yawa P/E ɗinsu ya yi ƙasa, har CBN ta hana su raba wannan ribar canjin ga masu hannun jari. MTN Nigeria kuwa asara ya rubuta a shekarar saboda faɗuwar nairar, ba shi da P/E ma gaba ɗaya alhali mutane ba su fasa sa kati ba.

Yanzu ribar shekara biyar nake dubawa kafin in taɓa komai, in ga daga ciniki take ko daga sayar da kadara, kuma siminti da siminti nake gwadawa, Dangote Cement da BUA Cement, ba na haɗa su da banki. Wancan hannun jarin yana nan ban sayar ba, rahoton wata shida nake jira in kai wa Yaya mu duba tare.