Abin da tsagewar bango ta koya mini a aikin gini

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi a sana'armu, kuma wanda har yau yake ci mini rai, shi ne toshe tsaga kafin a san abin da ya kawo ta. Duk wanda ya daɗe a wurin gini ya san yadda abin yake tafiya. An kusa miƙa gida, sai a wayi gari bango ya dare daga kusurwar taga ya gangara ƙasa. Oga ya zo ya leƙa, ya sa birkila ya fafe wurin ya cusa kwaɓi mai ƙarfi, mai fenti ya bi baya kafin Alhaji ya zo zagaye. Bayan damina ɗaya tsagar ta dawo, ko a kan facin ko a gefensa da yatsa biyu, ga shi kuma an riga an shafe shaidar farko: ba a san faɗinta na da ba, ba a san daga inda ta faro ba. Daga nan sai a ɗora wa birkila laifi, wai hannunsa ba shi da kyau, ko a ce simintin bana ne ya lalace. Wanda ya hana kuɗin gwajin ƙasa, ya ce a tsaya da haƙa a ƙafa biyu don a rage lebura, babu mai kiran sunansa.

Tsaga labari take bayarwa, kuma akwai yadda ake karanta ta. Abu na farko, a san ko a filasta kawai take ko ta shiga bulo. A ƙwanƙwasa gefenta da bayan cokalin gini. Idan wurin yana amo kamar ƙwarya, filastar ce ta saki bango. A fafe kamar tafin hannu a duba abin da ke ƙarƙashi, sannan a zagaya ɗaya fuskar bangon. In tsagar ta bayyana ciki da waje a wuri guda, to ta ratsa bangon ke nan. Ƙananan tsagu masu kama da saƙar gizo-gizo kuwa yawanci na filasta ne: an yi ta da yashi mai laushi da yawa, ko siminti ya yi yawa, ko an yi ta a hunturu iska ta shanye ruwanta ba a yi bayi ba. Waɗannan ba sa rushe gida.

Sai siffarta. Tsagar da ke bin layin kwaɓi tana hawa kamar matakala, ko ta yanka bulo a karkace, ita ce ke nuna cewa wani sashe na harsashi ya motsa, wani bai motsa ba. A duba inda ta fi buɗewa. Idan ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, galibi kusurwar gida ce ko ƙarshen bango ke nutsewa, ko kuma tsakiya ce ke tasowa. Idan ta fi faɗi a ƙasa, tsakiyar bangon ce ta zauna. Kafin a yanke hukunci a gwada ƙofofi da tagogi, domin ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu kuma tana gogar ƙasa ta fi kowane ma'auni saurin tona asiri. A ɗauki tiyon ruwa na awon daidaito a bi layin kwaɓi guda ɗaya, misali wanda ke kan difisi, wato shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don hana danshi hawa, a zagaye gidan da shi ana rubuta bambancin kowace kusurwa. A saki igiya mai ƙarfe a baki daga saman bango a ga ko ya jingina. Tsaga miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa a daidai inda sabon ɗaki ya haɗu da tsohon gini labarinta a fili yake: tsohon ya gama zama tun tuni, sabon yanzu ya fara. Wadda ke kwance a ƙarƙashin dekin kuma, musamman a bene na ƙarshe, yawanci zafin rana ne ke miƙar da kankaren da rana ya tsuke da dare, babu ruwan harsashi a ciki. An sha haƙe gindin gida a banza saboda irin wannan.

Faɗi ma yana da ma'auni. Hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagu aji-aji, kuma injiniyoyi da yawa da shi suke aiki: abin da bai wuce milimita 1 ba ƙarami ne, har zuwa milimita 5 gyaran shafe ne, daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an gyara bango, daga 15 zuwa 25 ɓarna ce mai tsanani, abin da ya haura 25 kuwa ana maganar tokare gini da sake wani sashe. Wanda ba shi da ma'auni a hannu, kaurin katin cirar kuɗi bai kai milimita 1 ba, fensir kuma wajen milimita 7 ne. In fensir ya shige tsaga, magana ta wuce ta birkila, a nemo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.

Amma abin da ya fi faɗi muhimmanci shi ne ko tsagar tana raye ko ta mutu, kuma a nan ne ake rasa haƙuri. A ja layi da fensir a inda ta ƙare sama da ƙasa, a rubuta kwanan wata a gefe. A kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, ana auna tsakaninsu duk bayan mako biyu ana rubutawa a littafi. Ko a manna ɗan siririn gilashi a gicciye da gam mai ƙarfi a kan bulon kansa, ba a kan filasta ba, in ya fashe an san akwai motsi. Sannan a jira. Wata guda bai isa ba. A ƙasarmu sai tsaga ta ga ƙarshen rani ta ga tsakiyar damina kafin ta faɗi gaskiyarta. Wadda ke buɗewa a Maris da Afrilu ta koma ta tsuke a Agusta, laka ce ke numfashi a ƙarƙashin gidan. Wadda ke ƙaruwa kullum ba ta komawa, ƙasa ce ke ci gaba da nutsewa, kuma ita ce abin tsoro. Mai gida ba ya son jin a jira, ɗan kwangila ma haka tunda kuɗinsa na ƙarshe a maƙale yake, shi ya sa ake komawa ga cokali da kwaɓi.

In an bi diddigi, mafi yawan lokuta a kan ruwa ake tsayawa. Indararo yana zuba a gindin bango shekara da shekaru, babu daɓe a ƙasa. Bututun banɗaki ya tsage a cikin ƙasa ba wanda ya sani. An haƙa sokawe taku biyu daga katanga saboda fili ya yi kaɗan, alhali ya kamata a ba shi kamar mita 5 daga gini. Kwatar maƙwabci tana kwanciya a jikin bango. Wurin alwala da wurin wanki suna tsiyaya a kusurwa ɗaya kullum. Ruwan yana tausasa ƙasar wannan gefen kaɗai, ko ya kwashe ƙananan ƙwayoyinta, sai gefen ya zauna ya bar sauran. Don haka kafin a taɓa bango a zagaya gidan lokacin da ake tsuga ruwa, a ga inda yake bi da inda yake kwanciya. A rufe duk famfunan gida a sa alama a tanki a kwana, in ruwa ya ragu da safe akwai yoyo a wani wuri. Sau da yawa daɓen kankare mai faɗin mita 1 zuwa ɗaya da rabi a kewayen gida, mai gangara waje, tare da gyaran bututu, shi ke tsayar da motsin gaba ɗaya.

Sai ita ƙasar kanta. Baƙar lakar da ke yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Ngala da Marte, wadda ake kira firki, da irinta a wajen Numan a Adamawa da wasu sassan Gombe, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani har hannu yana shiga. Ƙarfin kumburinta ya isa ya ɗaga gida mai hawa ɗaya, kuma abin mamaki ga wanda bai saba ba, ƙaramin gida mara nauyi da katanga sun fi bene shan wahala a kanta. Harsashin da muka saba, mai faɗin milimita 675 da kaurin 225 a ƙarƙashin bulo inci 9, wanda yake zaune lafiya a jar ƙasa, ba ya aiki a nan. Ko dai a kwashe lakar a cike da jar ƙasa ana daddaɓewa, ko a sauka ƙasa da inda danshi ke canzawa, ko a zuba shimfiɗaɗɗen harsashi mai rodi da bim, wato ginshiƙin kankare na kwance. Itatuwa ma suna ƙara tsananta abin. Darbejiya da turare da ceɗiya suna zuƙe danshin laka da rani, kusurwar da ke kusa da su ta zauna. A laka, tazarar itace da gini kada ta gaza tsayin da zai kai in ya girma. Kuma kada a yi gaggawar sare tsohon itace, domin lakar da ya daɗe yana busarwa za ta koma ta kumbura ta ɗaga bangon.

A tsofaffin garuruwa irin Kano da Zariya da Katsina, babban abin dubawa shi ne tarihin filin. Kududdufin da aka cike da shara aka yanka filoti, tsohuwar rijiya, tsohon masai da aka binne. Shara tana ruɓewa tana raguwa shekaru da dama, babu yawan simintin da zai hana ginin da ke kanta zama. Dattawan unguwa sun fi kowace takarda sanin wannan, a tambaye su. Sannan a haƙa ramin gwaji a jikin harsashi, ɗaya a gefen da ya tsage, ɗaya a gefen da yake lafiya, a sauka har ƙasan kankaren. A nan ake ganin zurfin gaskiya da kaurin gaskiya, a ga ko leda da tsumma ne ke fitowa, a murza ƙasar a hannu a ji ko tana naɗuwa kamar tuwo. Ciko ko da na jar ƙasa ne, in ba a zuba shi hawa-hawa ba, kamar santimita 15 zuwa 20 ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, daɓen ɗaki zai faɗa daga baya ya rabu da bango.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba shi da yawa a gidajenmu, amma duk abin da ya shafe shi ya shafi tankin ruwa na ƙasa, da ramin sokawe, da bangon da ke tare ƙasa a fili mai gangara, da wuraren ajiye motoci na ƙasa a manyan gine-ginen Abuja. Waɗannan bangaye daga gefe ake tura su. Ruwan da ya taru a bayan bango zurfin mita 1 yana danna gindinsa da nauyin kusan tan 1 a kowace murabba'in mita, ban da turin ƙasar. Shi ya sa tsaga a kwance wajen tsakiyar irin wannan bango, musamman in ya yi ciki ya turo, ita ce mafi hatsari a duk tsagun da na sani. Siririyar tsaga a tsaye a bangon kankare yawanci ta tsukewar bushewa ce, matsalarta yoyo. Amma ta kwance tana cewa bangon ya gaza. Sababin kusan kullum ɗaya ne: an yi shi da bulo ba a cika ramukan da kankare da rodi ba, ko an mai da ƙasa tun kankare bai yi ƙwari ba, ko kafin a zuba dekin da zai riƙe kansa, ko tifa ta riƙa bi kusa da shi, kuma ba a bar wa ruwa hanya ba. Shafa siminti daga ciki wahalar banza ce. Sai an buɗe baya, a shafa kwalta, a sa tsakuwa da bututu mai huji a gindi ya kai ruwan waje, bangon tare ƙasa kuma a bar masa ramukan tsiyaya.

Tsagar da ke bin tsawon rodi a fila ko bim, da jan tabo a jikinta, tsatsa ce. Ƙarfe in ya yi tsatsa yana kumbura ya fi girmansa sau da yawa, ya fasa kankaren daga ciki. A harsashi rodi yana buƙatar rufin kankare na milimita 50, in kai tsaye a kan ƙasa za a zuba kuwa 75, amma sai ka ga an shimfiɗa shi a kan turɓaya an zuba. Farin garin da ke fitowa a gindin bango kamar kanwa alamar danshi ce mai hawowa, a duba ko an sa ledar difisi.

Sauran darussan gajeru ne. Bulon da ke marmashewa in an murje shi da yatsa ba ya ɗaukar bene, ko nawa aka rage a kuɗinsa. Yashi a zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in lakar da ta kwanta a sama ta yi kauri a mai da tifar. Kwaɓin kankare na 1:2:4 buhun siminti ɗaya ne da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ba abin da lebura ya ga dama ba, kuma bayi kwana bakwai ne aƙalla. Linta, wato kankaren saman ƙofa ko taga, ta hau bango da inci 6 zuwa 9 a kowane gefe. Gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya ba a ɗora masa bene don kawai kuɗi sun samu.

In awo ya nuna tsagar ta mutu kuma an kawar da sababin, sai a yi ɗinki: a fafe layin kwaɓi a gicciye, a kwantar da siririn rodi da zai wuce tsagar da rabin mita a kowane gefe, a cike, a sa raga kafin filasta. In kuwa har sai an ƙara wa harsashi ƙafa daga ƙasa, ana yin sa ne gutsure-gutsure, kamar mita ɗai-ɗai, ana tsallake na kusa, ba a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon bango a lokaci guda, kuma da injiniya a tsaye. Tsagar da ke ƙaruwa cikin kwanaki, ko ana jin ƙara a bango, ko ƙura tana zubowa daga cikinta, ba a jira mata damina. A fitar da mutane daga ɗakin a ranar, a kafa tokara, sannan a zauna maganar wa zai biya.