"In da Allah ne ya kira ki, da an ga ƴaƴa"

Duk wanda ya ji ni Kirista ce kuma a Damagaram nake zaune, tambayarsa ta farko ita ce yadda muka yi ranar wuta. Yana nufin Juma'a 16 ga Janairun 2015, da zanga-zanga ta ɓarke kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona majami'u a garin nan, washegari abin ya isa Yamai. Mun sha wuya, wasunmu har barikin soja suka kwana. Amma mun tashi, mun share toka, mun ci gaba da sujada. Abin da ya kusa raba ni da aikin da Ubangiji ya ba ni ya zo ne daga baya, daga bakin ɗan'uwa a cikin Almasihu.

Ni ce mai koyar da yara a makarantar Lahadi. Bayan wutar, iyalai suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan gwamnati suka nemi canjin wurin aiki, ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Najeriya suka kwashe kayansu. Ba na ganin laifinsu, kowa da ƴaƴan da yake tsoro dominsu. Ajin da a da tabarma uku ba ta isarsa ya koma tabarma ɗaya a gindin dogonyaro. Wata Lahadin yaran ba su cika yatsun hannu ba.

Ana haka aka gayyato wani baƙon mai wa'azi taron farkawa. Da aka tashi sujada ya zo ya tsaya kanmu, ina riƙe da alli, wata ƙaramar yarinya tana bin haruffan Yahaya 3:16 da yatsa a allo tana haɗawa da ƙyar. Ya dubi tabarmar, ya tambaye ni tun yaushe nake wannan aikin. Na faɗa masa. Sai ya ce, "Ƴar'uwa, ki sake bincika kanki. In da Allah ne ya kira ki, da yanzu an ga ƴaƴa." Ya ci abincinsa, da asuba aka raka shi tasha.

Shi ya tafi, ni na kwana da maganar wata da watanni. Daren Asabar in na zauna shirya darasi sai in ji muryarsa. In na durƙusa addu'a, ita ce. Masu ƙona mana majami'a ba su taɓa sa na yi shakkar kirana ba, don na san Yesu ya faɗa tun farko cewa za mu sha tsanani a duniya. Wannan kuwa da Littafi Mai Tsarki a hannunsa ya faɗa, shi ya sa ta shige ni. Har na fara shirya yadda zan gaya wa fasto ya nemi wata.

Wata dattijuwa a zumuntar mata ce ta lura na rame. Da na zayyana mata, ta ce, "Ƴata, shi baƙon nan ya taɓa haƙa rijiya a Damagaram? Garin da ke zaune kan dutse, ai ba ranar da aka sa diga ake ganin ruwa ba." Ta tuna mini cewa a nan Damagaram, wato Zinder, mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar masu yaɗa bishara daga ƙasashen waje, suka fara aiki a Nijar a 1924, ga shi an haura shekara 100 har yanzu mu ƴan kaɗan ne. To duk waɗanda suka yi hidima a nan suka mutu, ba a kira su ba ke nan? Ta sa na buɗe Irmiya 25:3, inda annabin ke cewa shekara 23 yana ta yi wa mutanensa magana ba su saurara ba. Na karanta a gabanta ina kuka, na ce, "Inna, me ya sa ban zo wurinki tun tuni ba?"

Ke da kike riƙe da ƙaramin aiki a ikilisiya, ko kai ɗan'uwa, kada ka bar baƙon kwana biyu ya auna maka kiranka. Kai damuwarka wurin waɗanda suka ga zafin watan Afrilu tare da kai, waɗanda suka san kai kake sayen ruwan garuwa da kuɗinka don yara su sha. Kuma ka shirya darasinka tsaf ko da yaro guda ne zai zo. Manzo Bulus ya ce shi ya shuka, abokin aikinsa Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya girma. Girman ba a hannuna yake ba, kuma ba a hannun baƙon yake ba balle ya zo ya ƙirga mini.

Na yafe masa, Allah shaida, ko da yake har yau in na tuna yadda ya dubi tabarmar nan sai zuciyata ta yi zafi. Na kuma je na sami fastonmu, na ce, "Baba, don Allah duk baƙon da za a sake kawo mana, a zaunar da shi a ba shi labarin garin nan tukuna, kafin ya buɗe baki kan ma'aikatanku." Ya ce ya ji, kuma tun daga lokacin haka ake yi.