Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyar Baba zuwa Alƙahira

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, ni da Baba mun sauka lafiya tun daren Asabar, har ya huta ya fara karɓar masu zuwa sannu da hanya. Waɗanda suka yi ta kira suna samun wayata a kashe, ku yi haƙuri, bashin barci nake biya. Na ga in na ce sai na bi kowa ɗaya bayan ɗaya da godiya, wani zai kuɓuce mini, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, Baba ya shafe fiye da shekara 30 yana koyar da tarihin Musulunci. Da wuya a samu ɗalibinsa da bai haddace cewa Jauhar Assiƙilli, kwamandan Faɗimiyyawa, shi ya kafa Alƙahira a 969, aka fara ginin masallacin Azhar a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972. Mu 'ya'yansa ma mun sha wannan karatu tun muna ƙanana. Amma shi bai taɓa taka ƙasar Masar ba. Da ya yi ritaya sai muka haɗa kai muka ce za a kai shi ya gani da idonsa. Hutun da na samu a wurin aiki kwana biyar ne, biyu sun tafi a hanya, saura uku cur.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga wanda ya soke mini rabin jerin da na rubuta take. Tsohon ɗalibin Baba ne, yanzu yana karatu a Azhar, kuma ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Na tura masa wurare 14 da nake so mu ziyarta, ina jin na iya tsari. Har birnin Iskandariyya na saka, wanda ke nesa da fiye da kilomita 200. Bai ce mini komai a kan jerin ba, sai ya jero tambayoyi: shekarun Malam nawa yanzu, yaya gwiwarsa, yana ƙailula ko ba ya yi, ƙarfe nawa yake shan magani. Da na amsa sai ya ce, "Yaya, wannan jerin na saurayi ne mai sati biyu. A Alƙahira ba a auna tafiya da kilomita, da cunkoso ake aunawa. Wuri babba ɗaya da safe, a dawo a huta, ƙarami ɗaya da yamma, kuma kowace rana ta tsaya a unguwa ɗaya." Gaskiya raina bai so ba. Na biya kuɗin jirgi, ina ganin kowane wuri da aka cire asara ce. Ya cire Iskandariyya, ya cire Hasumiyar Alƙahira, ya cire ganuwar Salahuddin da aka fara ginawa a 1176 saboda hawa, ya cire masallacin Ibn Ɗulun don ya san Baba ba zai yarda ya tafi bai hau matakalar hasumiyarsa ba. Gidan tarihin da ke dandalin Tahrir da sabon babban da aka gina kusa da dala, ya ce kowannensu yini guda yake ci, a bar su. Haka ya yi ta cirewa har wuri bakwai suka rage.

Shi ne kuma ya juya mini ranaku. Ni na sa dala ranar Juma'a. Ya ce Juma'a da Asabar su ne ranakun hutu a Masar, jama'a za su cika wurin, kuma wane irin tsari ne wannan da za a kawo Malam Alƙahira ranar Juma'a ta same shi a cikin rairayi maimakon sahun Azhar? Na yi shiru, don ba ni da amsa. Allah ya ba ka ilimi mai albarka, ƙanena.

Laraba da sassafe muka nufi Giza. A taswira kamar maƙwabta, amma Giza lardi ne dabam a yammacin Kogin Nilu, kuma da mun makara da awa ɗaya da a mota za mu ci rabin safiyar. Dalar Khufu ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146, kuma ta yi kusan shekara 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya fi ta tsawo. Duk wannan Baba ya sani tun kafin a haife ni. Abin da bai sani ba shi ne girman dutse ɗaya. Ya je ya tsaya jikin layin ƙasa, dutsen ya kusa kai masa ƙirji, ya ɗora tafin hannu a kai ya daɗe bai yi magana ba. Ba mu shiga ciki ba, don likitansa ya riga ya gargaɗe mu cewa hanyar ƙunci ce, sai an sunkuya ana hawa. Likita, mun gode, kuma takardar da kika rubuta mana ta sunayen magungunansa ta yi amfani a filin jirgi. Wani mai raƙumi ya so ya ɓata mana safiya, ya ce hoto kawai, da aka ɗauka sai magana ta canza. Laifina ne, an faɗa mini a gama ciniki kafin a taɓa ko igiyar raƙumin. Direbanmu ne ya zo ya kashe wutar da kalma biyu. Dattijo ne mai haƙuri, kwana uku bai taɓa nuna gajiya da tafiyar Baba a hankali ba. Ba zai karanta wannan ba, amma Allah ya san shi.

Af, wani abin dariya. Baba Larabcin littafi yake yi, tsantsa, da wasali da tanwini. Mutanen gari kuwa jimun ɗinsu ya koma "ga", ƙafun ya ɓace, birnin ma kansa Masr suke ce masa. Duk wanda Baba ya yi wa magana sai ya yi murmushi ya gyara tsayuwa, wani ya ce masa kamar yana sauraron huɗuba. Suna gane shi sarai, shi ne dai ba ya gane amsarsu.

Alhamis muka yi Fusɗaɗ, tsohon garin da ya girmi Alƙahira. Ranar ce kaɗai muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, saboda Baba ya ce yana so ya gwada. Saura kaɗan in ja shi cikin taragon da aka keɓe wa mata, wani yaro ɗan makaranta ya riƙe mini hannun riga ya nuna mini alamar. Muka sauka a tashar Mar Girgis muka taka zuwa masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, a shekara ta 21 bayan Hijira. An sha rushewa ana faɗaɗawa, ginin yanzu ba na zamanin sahabbai ba ne, Baba ma shi ya fara faɗa mini haka kafin mu shiga, amma ya yi nafila ya zauna jikin ginshiƙi kusan awa guda. A tsohon jerina minti 20 na ba wurin. Daga nan muka je gidan tarihin wayewar Masar, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Ɗakin yana ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Gaban Ramsis na biyu na tambayi Baba ko shi ne Fir'aunan Annabi Musa kamar yadda wasu ke cewa. Ya ce, "Allahu a'alamu, amma dubi gashin kansa." Na duba, yana nan. Da yamma muka ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira, muka koma masauki kafin magariba, wadda a lokacin sanyi biyar da 'yan mintoci take yi.

Sai Juma'a. Hanya fayau da safe, muka isa Azhar awa biyu kafin huɗuba, muka samu wuri kusa da gaba. Ba zan iya rubuta yadda fuskar Baba take ba lokacin da muka shiga farfajiyar nan ta farin dutse ya ɗaga kai yana ƙirga hasumiyoyi, har ya nuna mini mai kai biyu ya ce ta Sarki Alguri ce. Wannan na bar wa zuciyata.

Bayan la'asar muka tsallaka kasuwar Khan Alkhalili, a nan ne hankalina ya tashi. Na tsaya ciniki, ban fi minti uku ba, na waiwaya babu Baba. Wayarsa tana aljihuna, don ba mu sa mata layin ƙasar ba. Lungunan nan kowanne kamar ɗan'uwansa, fitilu da tagulla da mutane kafaɗa da kafaɗa. Na shiga masallacin Husaini na bi sahu-sahu, na fito, na koma inda muka rabu, na sake komawa. Na fara tunanin da wane baki zan kira Inna. Minti 50 ina wannan hali, ga sanyi amma rigata ta jiƙe.

Yayata, a nan ne zan ba ki haƙuri a gaban kowa. Ranar da muke haɗa kaya kika kawo wani ɗan kati da kika sa aka rubuta da Larabci, sunan masauki da adireshinsa da lambar ɗalibin nan da ciwon da Baba ke fama da shi, kika sa a leda kika ce kullum a saka masa a aljihun gaba. Na yi dariya na ce Baba ba ɗan firamare ba ne. Wannan katin ne wani mai sayar da littattafai a lungun bayan Azhar ya karanta ya buga waya. Ashe Baba tun da safe ya hango shagunan, da ya ga na tsaya sai ya bi ƙafa ya koma. Muka same shi a kan kujera, tabarau a hanci, littafi a buɗe a cinya, suna muhawara da mai shagon. Na ce, "Baba, kun tayar mini da hankali." Ya ɗago ya ce, "Ni ina nan inda ya kamata. Kai ne ka ɓata." Mai shagon ya ƙi karɓar ko sisi don kiran da ya yi, sai littafi biyu da Baba ya saya. Allah ya yi wa kasuwarsa albarka.

Sauran godiya a gurguje, ba don ta yi kaɗan ba. Uwargida, wadda ta lura fasfo ɗin Baba saura wata huɗu ya ƙare alhali ana neman aƙalla shida, tun ana saura wata biyu tafiya, kuma ta tilasta masa ya saba da sabon takalmin tafiya tun a gida. Ƙanena da ya bar harkokinsa ya tare wurin Inna. Kawu da Gwaggo da suka cika mana abin da ya gaza ba tare da mun buɗe baki ba. Shugabana a wurin aiki da abokan aikin da suka riƙe mini tebur. Tsofaffin ɗaliban Baba da suka yi karo-karo suka biya masauki, na san ba ku so a faɗa, amma na faɗa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa ku ma 'ya'yanku su yi muku.

Baba, na san za a karanta muku wannan. Ku yafe mini minti ukun nan. Na kuma ga kun ɗauke tsohuwar takardata mai wurare 14 kun sa a cikin littafin da kuka saya, kun zagaye Ibn Ɗulun da jan biro. Na gani, sai dai mu fara jin ta bakin likita.

Masu son zuwa gaishe shi, bayan la'asar ya fi. Ku zo da lokaci a hannu, don daga dutsen Khufu yake farawa.