Ku Gayyaci Wanda Ba Shi Da Abin Ramawa

Ƙannena a cikin Almasihu, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda gudunmawar biki take tafiya. Mace ta kai wa ƙawarta turmin atamfa ranar auren 'yarta, a rubuta a littafi, ranar nata bikin kuma a mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Wannan al'ada ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ban kuma zo in kushe ta ba. Sai dai ba ta tanadi gurbi ga wanda hannunsa ba komai ba, kuma a daidai wannan wurin ne koyarwar Yesu take kifar da lissafinmu.

A cikin Luka sura 14, Yesu yana cin abinci ran Asabar a gidan wani shugaban Farisiyawa, ya ga yadda baƙi suke zaɓen mazaunin alfarma. Ya ce wa mai gidan kada ya tsaya ga gayyatar abokansa da danginsa da maƙwabtansa masu arziki, domin za su rama masa, ladansa ya ƙare ke nan. Maimakon haka, ya ce mai gidan ya kira matalauta da naƙasassu da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya ramawa ba, sakamakonsa yana jiransa a ranar tashin masu adalci.

Na san wannan nassi tun ina makarantar Lahadi, amma lokacin da aka ba ni ma'ajin ikilisiyarmu, da ma'aunin kasuwa na yi aikin. Ranar bikin godiyar kaka nakan tsara sunayen masu bayarwa daga mafi yawan kuɗi zuwa ƙasa, a karanta da lasifika, a yi wa na farko tafi da guɗa. Akwai wata gwauruwa, mai sayar da ƙosai a bakin titi, wadda kowace shekara take kawo kwano guda na gero ɗaure a tsohon ɗankwali. Ban taɓa rubuta sunanta ba. Wata shekara ma na tashe ta daga benci na gaba domin wani ɗan siyasa da ya iso ana tsakiyar wa'azi, ta ɗauki sandarta ta koma kusa da ƙofa, ta ce mini, "Ba komai, ɗana." Ta rasu ban nemi gafararta ba. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta zana laifina tun kafin in aikata shi: mai zoben zinariya a ba shi kujera, matalauci a ce ya tsaya can. Yakubu ya kira masu yin haka alƙalai masu mugun tunani.

Wannan cuta ta daɗe. Bulus ya tsawata wa ikilisiyar Korinti domin a wurin jibin Ubangiji wani yana ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa. A Markus sura 12 kuwa Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikali, ya ce gwauruwar da ta jefa 'yan tsaba biyu ta fi masu arziki duka bayarwa, domin su rara suka bayar, ita kuwa abin zaman garinta ne.

Saboda haka idan aka ɗora muku wani aiki, ko kwamitin matasa ne ko jagorancin mawaƙa ko raba wurin zama, ku yi gardama cikin ladabi a kan karanta adadin kuɗin kowa a bainar jama'a. Kada ku tashi tsoho domin mai babbar riga. Ranar aurenku, bayan kun gama jerin 'yan uwa da abokan aiki, ku zauna da fasto ko shugabar Zumuntar Mata ku tambayi sunayen gwauraye da marayu da marasa lafiyan da ba a saba kira ba, ku aika musu da kati kamar kowa, ku kuma biya musu kuɗin mota.