Faransancin da na koya da gumi a Dutsen Dala

Daren Lahadi, 11 ga Fabrairun 2024, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na kalli wasan ƙarshe na cin Kofin Afirka, mu da Kodebuwa a Abijan. Troost-Ekong ya ci mana da ka kafin a tafi hutun rabin lokaci, gidan ya kaure da ihu. Da aka dawo Kessié ya farke, a minti na 81 kuma Haller ya zura wadda ta raba mu da kofin. Kowa ya fice ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan.

Washegari ina shago a Kantin Kwari sai ga saƙon murya a WhatsApp daga wani abokin cinikina na Abijan. Mun daɗe yana sayen shadda a hannuna, amma duk hulɗarmu da kalkuleta ce da hotunan kaya. Ya yi magana kusan minti biyu, abin da kunnena ya iya kamawa bai wuce Osimhen, Nwabali da "mon frère" ba. Na ɗauka tsiya yake yi mini. Sai da yaron shagon maƙwabcina, ɗan Maraɗi, ya saurara ya ce, "Alhaji, ai jaje yake yi maka. Ya ce golanku namijin duniya ne, kada ka ɓata rai." Abin ya taɓa ni ƙwarai. Mutum ƙasarsa ta ci kofi, ya tuna da ni a cikin murnarsa, ni kuwa ba ni da abin mayar masa sai "merci".

A layinmu akwai wani dattijo mutumin Damagaram, tsohon malamin makaranta da ya dawo Kano wajen ɗansa. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malamin boko a can. Da na kai masa kukana sai ya tambaye ni abin da na fi son yin hira a kai. Na ce ƙwallo. Ya ce to daga nan za mu fara, kuma ba a zaune ba. Dama likita ya daɗe yana yi mini faɗan hawan jini da zaman shago, ya ce in riƙa tattaki. Shi ke nan, muka mayar da bayan sallar asuba lokacin darasi, kwana uku a mako, daga gida zuwa Dala.

Darasin farko ƙidayar matakala ne. Daga ɗaya zuwa sittin lafiya lau. Daga nan hanya ta murɗe: saba'in a Faransanci soixante-dix ne, wato sittin da goma. Tamanin kuwa quatre-vingts, ashirin sau huɗu. Na tsaya ina haki na ce, "Mushe, wannan ai lissafi ne, ba ƙidaya ba." Ya ce, "Alhaji, kakanninka da hauya suke ƙirga wuri, ashirin-ashirin. Kai ma in za ka ce goma sha tara, ba ashirin ba ɗaya kake cewa ba?" Tun daga ranar ban ƙara jin abin baƙo ne ba. Kuma ƙidayar nan ita ce rabin sauraron sharhin wasa, domin duk abin da ke tsinka zuciya tsakanin minti na saba'in da na casa'in yake faruwa. Ƙwallon Haller ma a quatre-vingt-unième minute ta shiga.

Inda na fi daɗewa shi ne bambancin jouer da faire. Wasan da ake yi da ƙwallo, jouer ake cewa: je joue au foot, je joue au basket. Abin da jiki ke yi kuwa, faire: je fais de la marche idan tattaki ne, du vélo idan keke, de la natation idan iyo, de la lutte idan kokawa. Na yi makonni ina gwamutsa su, har ranar da na lura Hausa ma kusan haka take rabawa. Ƙwallo buga ta muke yi, kokawa da dambe da iyo kuwa yin su ake yi. Ba wanda zai ce ya buga kokawa. Da na ɗora jouer a kan buga, faire a kan yi, sai abin ya zauna. A ganina Bahaushe ya fi samun sauƙi idan ya shiga Faransanci kai tsaye daga Hausa, ba sai ya zagaya ta Turanci ba. Ko batun namiji da mace a sunayen abubuwa, mu mun taso da shi. Sai dai ba kullum suke dacewa ba: kokawa mace ce, la lutte ma mace, amma gwiwa da muke ce wa ita, a wajensu le genou namiji ne. Wannan kalmar ban sha wahalar riƙe ta ba, don j'ai mal au genou, gwiwata na ciwo, ita ce jimlar da na fi furtawa a watan farko.

Kalmomin fili kuwa da daɗi suka shige ni. But shi ne ƙwallon da aka ci, gardien mai tsaron gida, arbitre alƙalin wasa, hors-jeu satar gida, coup franc bugun tazara, match nul kunnen doki, égaliser farkewa. Mushe ba ɗan ƙwallo ba ne can-can, shi kokawa ce a jininsa. In ya fara labarin gasar takobi ta Nijar, wadda suke kira Sabre national, da yadda jihohi takwas ke kawo 'yan kokawarsu, da irin kayen da Issaka Issaka na Dosso ke yi, sai ya manta da darasi muke, ya yi ta zuba da Faransanci. A nan kunnena ya buɗe, saboda na san abin da ake faɗa tun kafin in san kalmomin. Ni kuma na kai shi gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari, ya sa ni in riƙa gaya masa abin da nake gani: wa ya kai naushi, wa ya faɗi, wa ya gaji.

Wasu abokaina a kasuwa sun ce ɓata lokaci nake, tunda Nijar da kanta a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Na yi murna da wannan matakin har zuciyata. Amma ni ba don Faransa nake koyo ba. Duk ƙasashen da muke iyaka da su ta ƙasa, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, ana aiki da harshen, kuma mutanensu ne ke cika layukan Kwari. Ba duka ne suke jin Hausa ba, amma da wuya ka sami wanda ba shi da ƙungiyar da yake goyon baya.

Hawan jinina ya sauka, likita ya ce in ci gaba. Yanzu ina hawa Dala ba tare da na tsaya hutawa ba.

Satin da ya wuce na je filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata kallon Pillars. Da aka tafi hutu, mi-temps ke nan, na ɗauki hoton 'yan kallo na tura wa mutumin Abijan, na danna saƙon murya ba tare da na rubuta komai a takarda ba. Na ce masa wannan ita ce ƙungiyata, ta ci gasar Najeriya trois fois de suite, sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma Ahmed Musa ya taka leda a nan. Kafin a dawo fili ya amso, ya ce shi ɗan ASEC Mimosas ne tun yana yaro, ya kuma tambaye ni ma'anar abin da yake ji mutane na rerawa a bayana. Sai Masu Gida ne. Na yi ta juya shi a raina har aka hura usur ban sami fassarar da ta gamsar da ni ba, don haka na ce masa ya bari sai na haɗu da Mushe da asuba.